Garkuwar aro: tarihin abin da uwa ke ba jaririnta tun daga ciki

Yau tarihin wata tambaya za mu bi, tambayar da kusan kowane gida ya taɓa yi: idan uwa na fama da ciwo mai daɗewa, me zai bi ɗanta?

Kun san yadda abin ke faruwa. Mace ce gaɓoɓinta ke kumbura, gashinta na zuba, fuskarta na yin tabo in ta sha rana, ko kuma ta yi ta ɓari. Ta samu ta haihu, sai ƙuraje suka fito wa jariri, ko ya fara borin jini, ko ƙirjinsa ya riƙa kuka da dare. Kafin a je likita an gama shari'a a tsakar gida: nononta ne ba shi da kyau. Wani wurin har a tatsa a jefa tururuwa a ciki, wai in ta mutu nonon ya ɓaci. Sai a janye yaro daga nono, bayan wata biyu a same shi a layin masu tamowa. Likitocin duniya sun shafe sama da shekara 130 suna bin diddigin wannan magana, kuma wani yanki na aikin a ƙasar Hausa aka yi shi, a Zariya da Madarumfa.

Zurma da idon zakara

A shekarar 1892 wani likita Bajamushe mai suna Paul Ehrlich ya yi wani gwaji a Barlin da ɓeraye. Ya riƙa ba su dafin wasu tsirrai biyu da duk muka sani, ƙwallon zurma da idon zakara, kaɗan-kaɗan har jikinsu ya saba, dafin ya daina kashe su. Da matan suka haihu, sai aka ga 'ya'yansu ma dafin ba ya kama su. Amma in uban ne kawai ya saba da dafin, 'ya'yan ba su samun komai. Sai ya yi musanya: ya ɗauki 'ya'yan ɓerar da ba ta da kariya ya ba mai kariya ta shayar, nan ma suka samu. Bayan 'yan watanni kuma kariyar ta gushe. Abu uku suka fito fili. Kariyar daga uwa take zuwa, tana bi ta ciki da ta nono, kuma aro ce mai ƙarewa.

Makiyayan arewacin Dakoro ba su jira Bajamushe ba kafin su san rabin wannan. Kowane mai garke ya san maraƙi ko ɗan akuyan da bai sha dakashi ba a ranarsa ta farko, da wuya ya kai labari. Dalili shi ne saniya da akuya da tunkiya ba su iya miƙa wa ɗan cikinsu kariya ta mabiyiya, dukkanta a dakashi take. Ɗan Adam ya bambanta. Sinadaran kariyar da jini ke ƙerawa, waɗanda likitocinmu ke kira antikor, iri-iri ne. Nau'in da ake kira IgG yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, mafi yawansa a watanni ukun ƙarshe na ciki. Shi ya sa bakwaini ke zuwa da guzuri kaɗan. Nau'in IgA kuma a nono yake, musamman dakashi, aikinsa ya shafe hanjin jariri ya tsare shi daga zawo. Wani likitan ƙasar Siwidin, Lars Hanson, shi ya bayyana shi a nonon mata a 1961. To kun ga, mai zubar da dakashi tana zubar da abin da ko Bafulatani ba ya hana maraƙinsa.

Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Duk bayan mako uku zuwa huɗu, rabin IgG ɗin da uwa ta ba jariri na ƙarewa. Kafin ya kai wata shida zuwa tara, saura kaɗan ya rage. Wannan lissafin ne ya sa aka ajiye allurar ƙyanda a wata tara: in an yi da wuri ƙwarai, kariyar uwa za ta kashe allurar, in an makara, yaro ya zauna ba na aro ba na kansa. Kuma shi ya sa ake yi wa mai ciki allurar tsinkau-tsinkau a wurin awo, don jaririn ya fito da kariyarta ranar da za a yanke cibiya.

Lokacin da garkuwa ta ci gida

Shi dai Ehrlich ɗin nan, a farkon shekarun 1900, ya koyar da cewa jiki na da hanyoyin da ke hana shi ƙera makamin da zai cuci kansa. Likitoci suka ɗauki maganar fiye da yadda ya faɗe ta, suka yi kusan shekara 50 suna ganin abu ne da ba ya yiwuwa. Sai a 1956 aka karya wannan. Noel Rose da Ernest Witebsky a Amurka, da Deborah Doniach da Ivan Roitt a Landan, suka nuna garkuwar jiki na iya kai wa ƙullin maƙogwaro hari, wanda ake kira tayrod. Daga nan aka gane cututtuka da dama haka suke: amosanin gaɓoɓi mai lanƙwasa yatsu, ciwon suga irin na yara, wani nau'in maƙoƙo mai sa rama da faɗuwar gaba da fitowar ido, da kuma lufus, mai taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda. A cikin masu lufus goma, wajen tara mata ne, kuma yawanci a shekarun haihuwa yake kama su.

To ga inda gizo ke saƙa. Mabiyiya ba ta tantance IgG mai amfani da mai ɓarna, duk wanda ya zo ƙofa wucewa yake. A 1954 wasu likitocin fata biyu a Amurka, McCuistion da Schoch, suka ba da labarin jaririn da aka haifa da tabon lufus alhali uwarsa lafiyarta ƙalau. Tabon ya warke da kansa. Bayan wata goma sha ɗaya, lufus ya bayyana a jikin uwar. Wato jaririn ne ya fara nuna ciwon da ke ɓoye a jinin mahaifiyarsa.

A farkon shekarun 1980 aka gano antikor ɗin da ke wannan aiki, ana kiransa anti-Ro. Abin da aka tabbatar tun daga nan yana da daɗin ji da kuma marar daɗi. Mai daɗin shi ne ƙurajen, waɗanda kan fito zagaye-zagaye a fuska da fatar kai, su ƙaru in an sa yaro a rana, suna gushewa kafin wata shida zuwa takwas, daidai lokacin da kayan aron ke ƙarewa. Yaron bai kamu da lufus ba, baƙuncinsa ya yi. Marar daɗin shi ne, a cikin mata 100 masu wannan antikor, ɗaya ko biyu ɗan cikinsu kan samu rauni a jijiyar da ke tsara bugun zuciya, yawanci tsakanin wata na huɗu da na shida. Zuciyar ɗan tayi da ya kamata ta buga 110 zuwa 160 a minti sai ta sauko wajen 60. Wannan raunin ba ya gushewa, kuma da yawansu sai an sa musu na'urar daidaita bugun zuciya. Ungozomar likita da ke sauraren ciki a wurin awo tana iya jin wannan jinkiri da kunnenta, ta tura mace Maraɗi ko Yamai da wuri.

Maganin da aka fi dogara da shi kuma ɗan uwan wani tsohon sananne ne. Dattawa sun tuna nibakin, ƙwayar zazzaɓi mai ɗaci. A yaƙin duniya na biyu an lura sojojin da ke shan maganin zazzaɓin cizon sauro, masu ƙuraje da ciwon gaɓoɓi a cikinsu suna samun sauƙi. Daga nan aka kai ga idroksiklorokin, wanda ya fito a 1955, kuma har yau shi ne ginshiƙin maganin lufus. Mai ciki na shan sa, mai shayarwa ma haka. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2020 ya nuna cewa a wurin matan da suka taɓa haihuwar jariri mai wannan raunin zuciya, shan sa ya rage maimaituwar abin da fiye da rabi.

Borin jini kuma fa?

Kalmar alerji wani likitan yara ne na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, ya ƙirƙiro ta a 1906. A zamanin ana maganin mashaƙo da ruwan jinin doki, sai ya lura yaran da aka yi wa allurar karo na biyu jikinsu kan yi bore nan take, da ƙaiƙayi da kumburi da zazzaɓi. Sai a tsakanin 1966 da 1967 aka gano antikor ɗin da ke haddasa borin jini da yawancin fuka da atishawar ƙura. Wasu ma'aurata 'yan Japan masu aiki a Amurka, Kimishige da Teruko Ishizaka, da wasu masana biyu a Siwidin suka gano shi, aka sa masa suna IgE.

Abin lura a nan shi ne IgE ba ya ratsa mabiyiya kamar IgG. Borin jini ba kaya ba ne da uwa ke ɗura wa yaro ta ciki ko ta nono. Abin da ake gado shi ne halin jiki, saurin fushin garkuwa, kuma ana gadonsa ta wajen uba kamar yadda ake gadonsa ta wajen uwa. Akwai 'yan jarirai ƙalilan da madarar shanun da uwa ta sha ke damun cikinsu ta hanyar nono. Ko su ma, abincin uwar likita ke gyarawa, ba a yaye su.

Shin 'ya'yan masu lufus sun fi sauran yara alerji? An duba wannan a lardin Kebek na Kanada, aka fitar da sakamakon a 2018. An bi yara sama da 700 da masu lufus suka haifa, aka gwada su da dubban yaran da iyayensu ba su da shi. A cikin 100, wajen 44 na farkon sun samu wani nau'in alerji, kamar fuka ko ƙaiƙayin fata, na biyun kuma wajen 38. Akwai ƙari, amma tazarar ba ta da faɗi, kuma alƙaluman na ƙasar da alerji ya riga ya yi yawa ne. Fiye da rabin yaran ba su samu komai ba.

Abin da Zariya ta koya wa duniya

A 1965 wani matashin likita Baturen Ingila, Brian Greenwood, ya zo aiki asibitin koyarwa na Ibadan. Ya tona takardun marasa lafiya na shekaru, ya ga masu lufus da amosanin gaɓoɓi 'yan ƙalilan ne idan aka gwada da Turai. A 1968 ya rubuta a mujallar likitoci ta Lancet cewa mai yiwuwa zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da muke tashi da su ne ke shagaltar da garkuwar jiki, har ba ta samun sukunin juya wa mai ita. A 1970 shi da abokan aikinsa suka sa wa wasu ɓeraye masu ciwo irin lufus zazzaɓin sauro, ciwon ya lafa musu.

A wannan shekarar ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda ya yi shekara goma. A can ne, a jikin yaran Hausawa, aka ga ɗaya fuskar lamarin. A 1972 suka nuna yaron da ke cikin zazzaɓin sauro, jikinsa ba ya karɓar allurar tsinkau-tsinkau yadda ya kamata. A 1978 suka nuna allurar sanƙarau ma ba ta kamawa sosai har wajen wata guda bayan zazzaɓin. Bincike a Gambiya da wasu ƙasashe daga baya ya ƙara da cewa in zazzaɓin ya kama mabiyiya, kariyar da uwa ke miƙa wa jariri na raguwa. Don haka ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi da ake ba mai ciki a wurin awo, da gidan sauro, suna tsare hanyar da guzurin jariri ke bi. Shi Greenwood ɗin yana cikin waɗanda suka assasa maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012.

Sai dai maganar cewa lufus ba ciwon Afirka ba ne ba ta tsaya ba. A Amurka da Ingila, baƙaƙen mata sun ninka farare kamuwa da shi. Kuma da likitocin gaɓoɓi suka fara samuwa a Najeriya, Farfesa Olufemi Adelowo na Legas ya fitar da bayanin gomman masu lufus a 2009. Darasin a fili yake: inda babu mai nema da kayan gwaji, ciwon kan ɓuya a ƙarƙashin wasu sunaye, a ce sanyi ne, ko shawara, ko sammu, ko iska.

Tunanin Greenwood ya sake dawowa ta ƙofar alerji. A 1989 David Strachan ya duba yara sama da 17,000 a Birtaniya, ya ga wanda ke da yayye da yawa bai cika atishawar alerji ba. A Afirka ta Kudu, binciken da aka fitar a 2019 ya samu alerjin abinci a yara 2 zuwa 3 cikin 100 a birnin Kef, amma a karkara bai kai 1 cikin 100 ba. Yaron da ya tashi cikin 'yan uwa da dabbobi garkuwarsa na samun horo da wuri. Wannan ba lasisin ƙazanta ba ne, don zawo da zazzaɓi sun fi alerji kisa nesa ba kusa ba. Amma yana gaya mana cewa yayin da garuruwanmu ke girma, abinci da zama na sauyawa, fuka da borin jini za su ƙaru, kuma ya kamata likitocinmu su shirya.

2005, gyaɗa da Madarumfa

Ba wanda ya manta 2005 a jahar Maraɗi. A shekarar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da masu tamowa a nan Dakoro, kuma a faɗin Nijar ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a gida. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne Plumpy'Nut, wanda wasu ke kira biskit, haɗin gyaɗa da madara da suga da mai da wani likita Bafaranshe, André Briend, da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a 1996. A Turai da Amurka kuwa, lokacin ana gargaɗin iyaye su nisanta ƙananan yara da gyaɗa don tsoron alerji. Sai a 2015 wani gwaji da aka yi a Landan da jarirai 640 ya juya maganar: waɗanda aka fara ba gyaɗa da wuri, alerjinta ya ragu musu da wajen kashi 80 cikin 100. Kunun gyaɗar da iyayenmu ke ba yaro bayan wata shida ya riga binciken. A kula kawai da abu biyu: ba a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa don kada ta shaƙe shi, kuma gyaɗar da ta yi funfuna guba ce.

Bayan wannan shekara abubuwa sun sauya. A 2006 gwamnati ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta. Daga baya ƙungiyar BEFEN ta 'yan ƙasa da abokiyar aikinta ALIMA suka kama aikin yara a Dakoro. A Madarumfa kuma, daga 2014, cibiyar bincike ta Epicentre da ma'aikatar kiwon lafiya suka gwada wani ɗigon rigakafin zawo mai jure zafi da aka yi a Indiya, a bakin jarirai sama da 3,500. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kashi biyu cikin uku, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Yau yara a ƙasashe da dama na shan abin da matan Madarumfa suka yarda aka gwada a kan 'ya'yansu.

Abin da za mu riƙe

Mai lufus ko amosanin gaɓoɓi ko ciwon tayrod tana haihuwa, tana shayarwa, kuma mafi yawan 'ya'yan lafiya lau suke tashi. Cikin da aka ɗauka bayan ciwon ya kwanta na wajen wata shida ya fi zuwa da sauƙi, don haka maigida da uwar miji su ba ta wannan sararin. Ta gaya wa ma'aikatan awo ciwonta da duk maganin da take sha tun zuwan farko, domin akwai irin su metotreksat da ke illata ɗan tayi. Ranar rigakafin jariri ma a faɗa, saboda wasu allurai masu danne garkuwa da ake yi wa uwa a manyan asibitoci kan sa a jinkirta wa jariri lambar tarin fuka. Likita ne zai yanke wannan, sauran yara kuwa a kai su a kan lokaci. A guji ƙwayoyin 'yan talla, musamman sha-ka-fashe da ake sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, don suna danne garkuwa kuma suna ɓoye ciwo har ya ci ƙoda.

In ƙuraje sun fito wa jariri, a kare shi daga rana a kai shi likita, a duba shi a duba uwar, nono kuma ya ci gaba. In yaro ya ci wani abu leɓensa ko fuskarsa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, wannan ba na jira ba ne, a garzaya da shi ko tsakar dare ne.

Iyayenmu kakanni, ku ne alƙalan ɗakin mai jego, maganarku ake ji. Ku bar jariri ya sha dakashinsa tun sa'ar farko, kuma kada a yaye yaro saboda tururuwa ta mutu a ƙoƙo. A isar da wannan ga wanda bai samu ji ba. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.